Tiyatar Rage Ƙiba: Ba A Ɗakin Fiɗa Gizo Ke Saƙar Ba

A cikin watan Satumba na shekarar 2025 ne Hukumar Lafiya ta Duniya ta shigar da sababbin alluran nan da ake yayi, waɗanda aka fi sani da sunayen Ozempic da Mounjaro, cikin jerin magungunan da take ganin ya kamata kowace ƙasa ta tanadar wa masu ciwon sukari da ke fama da ƙiba da kuma ciwon zuciya ko na ƙoda. Wannan mataki ya ƙara rura wutar muhawarar da likitoci suka jima suna yi a kan makomar tiyatar rage ƙiba, wato aikin da ake yi wa mutum a rage masa girman tumbi domin ya daina cin abinci da yawa. Wasu na ganin tunda allura ta zo, to wuƙa ta gama yayi, yayin da wasu ke cewa har gobe babu maganin da ya kama ƙafar tiyata a wajen wanda ƙiba ta yi wa katutu.

Mai karatu zai iya cewa ina ruwan biri da gada, mu da muke wannan yanki na Sahel, inda har yanzu ba mu manta da yunwar 2005 ba, inda kuma kowace shekara ake kwantar da dubban yara a cibiyoyin kula da masu tamowa. Gaskiya ne, amma duk wanda ya leƙa asibitocin Yamai ko Maraɗi ko Damagaram, ko ya tsallaka Kano da Sakkwato, ya san yadda layin masu hawan jini da ciwon sukari ke ƙara tsawo. Rahoton da hukumar ta lafiya ta fitar a 2024 ya nuna cewa fiye da mutum biliyan ɗaya ne ke fama da ƙiba a duniya, wato mutum ɗaya cikin kowane takwas, kuma adadin manya masu ƙiba ya ninka fiye da sau biyu daga 1990 zuwa 2022. Bugu da ƙari, masu hannu da shuni daga cikinmu sun daɗe da sanin hanyar asibitocin Indiya da Masar da Tunisiya da Turkiyya, inda ake tallar wannan tiyata kamar yadda ake tallar atamfa. Saboda haka maganar ta shafe mu.

Wace irin ƙiba ake nufi?

Da farko dai ya kamata a fahimci cewa ba kowane mai jiki ake magana a kansa ba. Likitoci na da wani lissafi da suke kira BMI da Ingilishi, IMC da Faransanci, inda ake raba nauyin mutum da tsawonsa sau biyu. Alal misali, mutumin da tsawonsa ya kai mita 1.70, idan nauyinsa bai wuce kilo 72 ba, to yana cikin iyaka. Idan ya kai kilo 87 ya shiga sahun masu ƙiba, domin lissafinsa ya kai 30. Idan kuwa ya kai kilo 116, lissafi ya kai 40 ke nan, kuma wannan ita ce ƙiba mai tsanani, wadda ke zuwa da rakiyar ciwon sukari, hawan jini, ciwon gwiwa, kitse a hanta, ɗaukewar numfashi cikin barci, wasu nau'o'in ciwon daji, da kuma wahalar samun haihuwa ga mata.

A shekarar 1991 wani taron ƙwararru a Amurka ya tsayar da cewa za a iya yi wa mutum tiyata idan lissafinsa ya kai 40, ko kuma 35 idan akwai wata cuta tare da ƙibar. An yi shekara 31 ana bin wannan ƙa'ida, kafin manyan ƙungiyoyin likitocin wannan fanni su sassauta ta a 2022, inda suka ce 35 ya isa ko babu wata cuta, sannan mai ciwon sukari da ya ƙi jin magani ana iya duba lamarinsa tun daga 30.

Akwai kuma wani ruɗani da ya kamata a kawar. Jama'a da dama na haɗa wannan aiki da tiyatar zuƙe kitse, irin wadda ta yi sanadin rasuwar Uwargida Stella Obasanjo, matar shugaban Nijeriya na wancan lokaci, a ƙasar Sifen cikin watan Oktoba na 2005, lamarin da ya kai wata kotun ƙasar ta yanke wa likitan hukuncin ɗaurin shekara guda a 2009. Zuƙe kitse aikin gyaran sura ne, a ƙarƙashin fata ake yin sa, kuma ba ya maganin sukari ko hawan jini. Tiyatar da muke magana a kanta kuwa tumbi da hanji take taɓawa, kuma manufarta ceton rai.

Yadda ake yin aikin

Tun a cikin shekarun 1950 likitoci a jihar Minnesota ta Amurka suka fara gwada taƙaita hanji domin rage nauyi, sai dai wannan hanya ta jawo lalacewar hanta da gudawa mai tsanani, har aka watsar da ita. A tsakiyar shekarun 1960 ne wani likita mai suna Edward Mason na jami'ar Iowa ya ɓullo da dabarar karkatar da hanyar abinci, bayan ya lura cewa waɗanda aka yanke wa wani ɓangare na tumbi saboda gyambon ciki ba sa sake yin ƙiba. Daga 1994 aka fara yin aikin ba tare da an tsaga ciki ba, sai dai a huda 'yan ƙananan ƙofofi a zura na'ura mai kyamara, abin da ya rage haɗari ƙwarai da gaske.

A yau iri biyu ne suka fi yawa. Na farko, wanda ya fi kowanne karɓuwa, shi ne a yanke kusan kashi 80 cikin ɗari na tumbi a fitar da shi, a ɗinke abin da ya rage ya zama siriri kamar ayaba. Na biyu shi ne a ware wata 'yar jaka da ba ta wuce girman ƙwai ba daga saman tumbi, a jona ta kai tsaye da ƙaramin hanji, ta yadda abinci zai tsallake sauran tumbin da farkon hanjin. Akwai na uku da aka yi yayinsa a shekarun 2000, wato ɗaure wuyan tumbi da wani zobe, amma yanzu an ja baya da shi saboda yawan waɗanda sai da aka sake buɗe su aka cire.

Da can an ɗauka cewa sirrin aikin shi ne ƙanƙantar tumbi kawai. Daga baya bincike ya gano cewa tiyatar na sauya sinadaran da ciki ke aika wa ƙwaƙwalwa da su. Ɓangaren tumbin da ake cirewa shi ne ke samar da mafi yawan sinadarin da ke sa mutum jin yunwa, sannan hanji na ƙara fitar da wanda ke sa a ji ƙoshi, wanda kuma ke taimaka wa jiki sarrafa sukari. Shi ya sa ake ganin sukarin wasu majinyata ya sauka cikin 'yan kwanaki, tun kafin su fara ramewa. Abin sha'awa ma, wannan sinadari na ƙoshi shi ne sababbin alluran suke kwaikwayo.

Me bincike ya tabbatar?

Ko shakka babu, aikin na da amfani. Bincike mafi tsawo shi ne wanda aka fara a ƙasar Suwidin a 1987, inda aka bi diddigin mutum kimanin 4,000, rabinsu an yi musu tiyata, rabi kuwa suka ci gaba da kulawar da aka saba. Sakamakon da aka fitar a 2007 ya nuna cewa mace-mace sun ragu da kashi 29 cikin ɗari a ɓangaren waɗanda aka yi wa aiki. A 2020 masu binciken suka ƙara da cewa tiyata ta ƙara musu kimanin shekara uku a kan takwarorinsu, ko da yake duk da haka ba su kamo sauran jama'a ba. Wani gwaji da aka yi a birnin Cleveland na Amurka a kan masu ciwon sukari 150 ya nuna cewa bayan shekara biyar, kashi 29 cikin ɗari na waɗanda aka karkatar wa hanyar abinci da kashi 23 na waɗanda aka rage wa tumbi sukarinsu ya daidaita, alhali a cikin masu shan magani zalla kashi 5 ne kacal suka kai wannan matsayi.

Galibi wanda aka yi wa aikin kan zubar da tsakanin rubu'i zuwa sulusin nauyinsa. A asibitocin da suka ƙware, waɗanda ke rasuwa sanadin aikin ba su wuce mutum ɗaya zuwa uku cikin dubu ba. Idan aka zo kan allurai, Wegovy da aka amince da ita a Amurka a 2021 na rage kimanin kashi 15 cikin ɗari na nauyi, sinadarin da ke cikin Mounjaro kuwa kan kai kashi 20. Sai dai kash, gwaji ya nuna cewa wanda ya daina allurar kan mayar da kashi biyu cikin uku na abin da ya zubar cikin shekara guda. Ma'ana dai, allura magani ce ta har abada, ga ta da tsada, ga buƙatar ajiya cikin sanyi a ƙasashen da wutar lantarki ke wasan ɓuya. Wannan ne dalilin da ya sa har yanzu likitoci ba su rataye wuƙa ba.

Ta fuskar addini kuwa, majalisar malaman fiƙihu ta ƙungiyar ƙasashen Musulmi, a zamanta na 2007 a ƙasar Malesiya, ta halatta rage nauyi ta hanyar tiyata idan ƙibar ta zama cuta, babu wata hanya, kuma an aminta daga cutarwa. Wannan sharaɗi na ƙarshe shi ne ya kawo mu ga inda gizo ke saƙar.

Bayan an dawo gida

Aikin kansa bai fi awa ɗaya zuwa biyu ba, kuma bayan kwana biyu ko uku ake sallamar mutum. Amma daga ranar ya ɗaura ɗamarar da ba zai kwance ba har ƙarshen rayuwarsa. Makonnin farko ruwa-ruwa kawai zai sha, sannan abinci mai laushi, kafin ya koma cin abin da bai wuce cikin tafin hannu ba, a hankali, yana taunawa sosai, ba tare da ya haɗa ci da sha a lokaci guda ba. Sai mai karatu ya auna wannan da rayuwarmu, inda ake zama a kewaye akushi guda, malmalar tuwo ita ce abinci, kuma baƙon da ya yi loma uku ya tsame hannu sai a ce ya raina girkin uwargida. Fura mai sukari da shayin da ake dafawa zagaye uku na iya jefa wanda aka karkatar wa hanyar abinci cikin jiri da zufa da bugun zuciya da gudawa nan take. Ga shi ba zai iya kwankwaɗar moɗa guda ta ruwa ba, sai kurɓi-kurɓi, a ƙasar da zafin watan Afrilu ke haura digiri 40. Batun azumi ma sai da shawarar likita, musamman a shekarar farko.

Wannan duk mai sauƙi ne idan aka kwatanta da ƙarancin sinadarai. Wanda aka yi wa aikin dole ya dinga shan bitamin kullum, musamman B12, da maganin ƙarin jini da na ƙarfin ƙashi, ana kuma auna jininsa a kai a kai. Idan ya yi sakaci, sai ƙarancin jini da zubewar gashi da raunin ƙashi su biyo baya, wani lokaci har da lalacewar jijiyoyi da ba ta gyaruwa, musamman ga wanda ya daɗe yana amai. A Nijar da Nijeriya kusan rabin matan da ke shekarun haihuwa, ko ma fiye, da ma can suna fama da ƙarancin jini. Likitoci kuma na gargaɗin kada mace ta ɗauki ciki sai bayan wata 12 zuwa 18 da aikin, alhali ramewar kan sa haihuwar da ta tsaya ta dawo ba zato. Haka nan magungunan ciwon jiki irin su ibuprofen da diclofenac, waɗanda masu tallar magani ke yawo da su a faranti kasuwa-kasuwa, na iya huda gyambo a wurin ɗinkin. Akwai kuma tsakuwar madaciya, ƙwannafi mai tsanani, toshewar hanji, da damuwar zuciya da kan sami wasu.

Wasu daga cikin waɗannan matsaloli sai bayan shekaru suke bayyana. Lisa Marie Presley, 'yar shahararren mawaƙin nan na Amurka Elvis Presley, ta rasu a watan Janairun 2023, kuma binciken gawa ya nuna toshewar hanji ce da ta samo asali daga tabon tiyatar rage ƙiba da aka yi mata shekaru kafin nan. Masu sha'awar ƙwallon ƙafa kuwa za su tuna Diego Maradona, wanda aka yi wa aikin a ƙasar Kolombiya a watan Maris na 2005, ya fito a talabijin bayan 'yan watanni kamar ba shi ba, amma nauyin ya dawo har sai da aka sake yi masa wani aikin a Benezuwela a 2015. Sai kuma Eman Ahmed, 'yar birnin Iskandariyya ta Masar, wadda aka ce nauyinta ya kai kilo 500, aka ɗauke ta a jirgin dakon kaya zuwa Mumbai a watan Fabrairun 2017. An yi aikin, nauyin ya ragu sosai, amma zuciya da ƙoda sun riga sun gaji, ta rasu a Abu Dhabi cikin watan Satumba na wannan shekara tana da shekara 37. Darasin da ke nan shi ne jinkiri ma na da nasa haɗarin.

Idan waɗannan da duniya ta zuba wa ido sun gamu da haka, ina ga wanda ya sayar da fili ya tafi shi kaɗai? Wani bincike da BBC ta yi a 2023 ya gano cewa 'yan Birtaniya bakwai sun rasu bayan an yi musu wannan aiki a Turkiyya tun daga 2019, kuma waɗannan mutane ne da ke da ingantattun asibitoci a gida. Yoyon ɗinkin tumbi, wanda shi ne abin da likitoci suka fi tsoro, yakan bayyana ne a kwanaki ko makonnin farko, daidai lokacin da majinyacin namu yake cikin jirgi ko ya riga ya sauka ana yi masa barka da zuwa. Doguwar tafiya a zaune jim kaɗan bayan tiyata ita ma na jawo daskarewar jini a jijiya. Abin tambaya a nan shi ne, idan zazzaɓi da bugun zuciya suka taso masa da tsakar dare a Tawa ko Zariya, wa zai gane abin da ke faruwa, kuma da wace na'ura? Rahoton wani kwamitin ƙwararru na mujallar Lancet a 2015 ya ƙiyasta cewa mutum biliyan biyar a duniya ba sa iya samun tiyata mai inganci a lokacin da suke buƙata, kuma a Afirka kudu da Sahara abin ya shafi fiye da mutum tara cikin goma. A Amurka aikin kan ci dala dubu 15 zuwa dubu 25, a ƙasashen da mutanenmu ke zuwa bai kai haka ba, to amma Hausawa sun ce araha ba ta ado. Kuɗin da dillali ke faɗa na aiki ne da masauki, babu kuɗin kulawar shekara ashirin a ciki.

Mu da muke sayen ƙiba da kuɗinmu

Wani abin takaici shi ne, yayin da wasu ke kashe miliyoyi domin a rage musu tumbi, wasu kuɗi suke biya domin su yi ƙiba. A al'adarmu teɓa alamar hutu ce, amaryar da ba ta yi ɓulɓul ba bayan 'yan watanni sai a fara tsegumin cewa miji ba ya riƙe ta da kyau. An san bikin hangandi a ƙasar Zabarmawa, da al'adar ɗura wa 'yan mata nono da kunu a tsakanin Larabawan Azawak da kuma Muritaniya. Yanzu kuma zamani ya kawo ƙwayoyin da ake kira sha-ka-fashe, waɗanda da yawansu dexamethasone ne, maganin da ke kumbura fuska da ciki, ya tayar da sukari da hawan jini, ya kuma raunana ƙashi idan aka daɗe ana shan sa. Da can ana cewa garin neman ƙiba an samo rama, yau kuwa garin neman ƙiba ake samo jinyar da ba ta ƙarewa.

Abin da ya kamata a yi

Ba muna cewa a guji tiyata ba ne. Wanda ƙiba ta hana shi sujada, ta hana shi barci, sukari na barazana ga idonsa da ƙafarsa, ya gwada duk wata hanya ta gagara, to wannan majinyaci ne, bai cancanci gori ko dariya ba, kuma tiyata na iya zama sanadin tsawon kwanansa da yardar Allah. Amma kafin ya yanki tikiti, ya fara samun likita a gida wanda ya yarda zai ci gaba da duba shi, ya tambayi sau nawa likitan can ya yi irin wannan aiki, ya zauna a can har a tabbatar ɗinki ya kama, ya dawo da cikakken rahoton abin da aka yi masa a rubuce, ya kuma lissafa kuɗin bitamin da awon jini na kowace shekara. Ba a fafe gora ranar tafiya.

Su kuma hukumomi, aikinsu a fili yake. A 2001 shugabannin Afirka suka yi alƙawari a Abuja cewa za su ware kashi 15 cikin ɗari na kasafin kuɗinsu ga kiwon lafiya, amma ƙalilan ne suka cika. Ko ba a kai ga buɗe cibiyoyin wannan tiyata ba, ana iya horar da likitocin manyan asibitoci yadda za su kula da waɗanda suka dawo, a sa ido kan dillalan da ke kai mutane waje, a kuma hana sayar da dexamethasone ba tare da takardar likita ba. Meziko ta sanya haraji kan lemon kwalba mai sukari a 2014, Afirka ta Kudu ta bi sahu a 2018, Nijeriya ma ta sanya naira 10 a kan kowace lita a dokar kuɗi ta 2021, don haka ba sabon abu ba ne. Sikeli da ma'aunin tsawo da na'urar awon jini a kowane ƙaramin asibiti ba su kai kuɗin tiyatar mutum guda ba, amma za su iya tsayar da ɗaruruwa tun suna kilo 87, kafin su kai 116. Malamai da sarakuna da gidajen rediyo su ma suna da rawar takawa wajen fahimtar da iyaye da mazaje cewa ƙiba ba ita ce shaidar jin daɗin aure ba.

Allah Ya ba marasa lafiyarmu lafiya, mu kuma Ya ƙara mana ita, amin.